Gajiyar Baƙo: Kofin Amurka da Tarihin Dakon Jiragen Tsere

Shimfiɗa

Duk wanda ya san sukuwa ya san ba a haɗa dokin da ya kwana a bargarsa da wanda aka yi kwana uku ana tafiya a kansa, sa'an nan a ce an yi adalci. Na farko ya ci harawa ya ƙoshi, ya huta, ya kuma san kowane rami da ke filin. Na biyu kuwa ya iso da ƙura da gajiya, tun ba a kaɗa tuta ba an riga an ci rabin ƙarfinsa a hanya. Wannan magana ita ce ginshiƙin tarihin wata gasa da ake kira Kofin Amurka, wato tseren jiragen ruwa tsakanin ƙasashe, wadda aka soma tun shekarar 1851, shekara 45 kafin a farfaɗo da wasannin Olamfik a 1896.

Jiragen da ake wannan tsere da su ba su da injin da ke tura su. Akan kafa dogon turke a tsakiyar jirgi, a ɗaura masa manyan yaduka, iska ta cika su ta tura jirgin gaba. A da kuma, a ƙarƙashin cikinsa akan sa wata ƙafa mai nauyin dalma wadda ke hana shi kifewa idan iska ta kwantar da shi. Gwanintar ita ce a ƙera jirgi marar nauyi mai yadi da yawa, a kuma sami matuƙan da suka san halin iska da igiyar ruwa.

Masu ba da labarin wannan gasa sun fi mai da hankali kan ranar karawa. A nan za mu duba abin da ke faruwa kafin ranar, wato yadda jirgin baƙo ke isa fagen tsere. Mai karatu zai ga cewa wannan tambaya ce ta daɗe tana tsara irin jirgin da za a ƙera, da ƙasashen da za su iya shiga, da kuma wanda zai koma gida da kofi.

Asalin Kofin

A shekarar 1851 aka yi babban baje kolin duniya a Landan. Wasu attajiran birnin Niyok, a ƙarƙashin jagorancin John Cox Stevens, shugaban kulob ɗin jiragen shaƙatawa na birnin, suka ga dama ta samu ta nuna wa Ingila cewa su ma sun iya ƙira. Suka sa wani matashi, George Steers, ya tsara musu jirgi mai turke biyu, tsawonsa kimanin ƙafa 100, suka raɗa masa suna America. A lokacin babu wata hanyar kai shi Turai sai ya tafi da kansa. Ya bar Niyok ranar 21 ga Yuni, ya yi kwana 20 a Tekun Atlantika, ya sauka a Le Havre ta Faransa. A can aka gyara shi, aka yi masa fenti, sa'an nan ya ƙetara zuwa Cowes, garin da ke zaman cibiyar masu jiragen tsere na Ingila.

Ranar 22 ga Agusta aka yi tseren kewaya tsibirin Wight, tafiyar mil 53, a kan wani kofin azurfa da aka yi wa kuɗi fam 100. Jiragen Ingila goma sha wani abu suka fito, Sarauniya Biktoriya kuma tana kallo daga nata jirgin. Baƙon nan shi ya riga kowa dawowa. Ga ƙasar da ke alfahari da mulkin teku, wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne.

Kofin kansa buta ce ta azurfa wadda maƙeran Garrard na Landan suka ƙera a 1848. Sunan da ya bi shi har yau na wancan jirgi ne, ba na ƙasar ba. A shekarar 1857 waɗanda suka ci shi suka miƙa shi ga kulob ɗin Niyok tare da wata takarda mai kama da ta waƙafi, bisa sharaɗin ya zama abin da ƙasashe za su riƙa karawa a kansa cikin zumunci har abada. Duk kulob ɗin wata ƙasa da ya ga zai iya, sai ya aiko da ƙalubale, ya zo har gidan mai riƙe da kofin su kara. A nan ne batun hanya ya shigo, domin mai gida yana zaune, baƙo ne ke da tafiya.

Baƙon farko shi ne James Ashbury na Ingila, wanda ya zo da jirginsa Cambria a 1870. Ya ratsa Atlantika yana tsere da wani jirgin Amurka mai suna Dauntless, ya kuma riga shi isa. Amma da aka zo ga kofi sai aka haɗa shi da gayyar jiragen kulob ɗin gaba ɗaya, kamar yadda aka yi wa America a Ingila, ya ƙare can baya.

Alfadaran da Suka Jawo Doka

Dokar da ta fi kowace tasiri a wannan tarihi ta samo asali ne daga wani abin dariya. A shekarar 1881 wani kulob na garin Belleville a Kanada, wanda ke bakin tafkin Ontario, ya aiko da ƙalubale. Mai ƙirar jirgin, Alexander Cuthbert, ba shi da isasshen kuɗi, aikin kuma ya yi jinkiri. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, to shi ranar tafiyar ya fafe nasa. Lokaci ya ƙure, babu halin ya bi ta teku, sai aka bi da jirgin, mai suna Atalanta, ta hanyar ruwan nan ta Erie da aka haƙa a jihar Niyok. Jirgin ya fi ƙarfin ƙofofin hanyar, saboda haka aka tattara nauyinsa a gefe guda ya karkace, alfadarai suna tafe a gaɓa suna jan sa da igiya. Ya iso a ƙarshen Oktoba, sanyi ya riga ya shigo, aikinsa ma bai kammala ba. Aka kara sau biyu a watan Nuwamba, jirgin Mischief ya ba shi tazarar wajen rabin awa a kowace karawa.

Mutanen Niyok suka ga an mai da gasarsu wasan yara. Suka mayar da kofin ga George Schuyler, wanda shi kaɗai ya rage da rai cikin waɗanda suka ba da shi, ya sake rubuta takardar a 1882. Sababbin sharuɗɗa biyu suka shigo. Na ɗaya, sai kulob ɗin da ke yin tserensa na shekara a teku ko a wani reshe na teku zai iya ƙalubale. Na biyu, dole jirgin baƙo ya zo tashar da za a yi gasa da kansa, cikinsa a ruwa, iska na tura shi. A 1887 aka ƙara gyara takardar, aka wajabta wa baƙo ya ba da sanarwa wata 10 kafin gasa, tare da bayyana awon jirginsa.

An yi dokar ce don a kori irin su Atalanta, amma waɗanda ta fi kamawa su ne mutanen Birtaniya. Tsakaninsu da Niyok akwai ruwa na wajen mil 3,000, ruwan da ya yi suna wajen guguwa. Jirgin da zai ratsa shi dole ya zama mai ƙwari, ƙwari kuwa nauyi ne, nauyi kuma shi ne abokin gaban gudu. Ga ɓata lokaci: sai an sauke dogon turken tsere an kafa gajere na tafiya, an tokare cikin jirgi da katako, an aika da kayan tsere a jirgin dako, in an isa kuma a sake warware komai a harhaɗa. Makonnin da baƙo ke ɓatawa a wannan aiki, mai gida yana can yana gwaji a ruwan da za a kara.

Mai Gida a Inuwa

Shi mai gida ba a ce ya ƙetare komai ba. Jirginsa yana iya zama kamar ƙwai, muddin zai kai ƙarshen kakar tsere. Babu wanda ya ci moriyar wannan dama kamar Nathanael Herreshoff na garin Bristol a jihar Rhode Island, wanda jiragensa biyar suka kare kofin sau shida daga 1893 zuwa 1920. A 1895 ya ƙera Defender, ƙasansa tagulla, samansa alminiyam, haƙarƙarinsa baƙin ƙarfe. Waɗannan ƙarafa in suka haɗu a ruwan gishiri cin juna suke yi. Jirgin ya ci gasa, amma a 1901 sai da aka farfasa shi. A 1903 ya fito da Reliance, wanda faɗin yadinsa ya kai murabba'in mita 1,500, ana kuma bukatar mutum 64 kafin a sarrafa shi. Kaka ɗaya ya yi yana tsere, a 1913 aka sayar da shi a matsayin tsohon ƙarfe.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba dokar kaɗai ta riƙe wa Amurkawa kofi ba. Suna da gwanayen ƙira, sukan kuma ƙera jirage biyu ko uku ko huɗu su kara a tsakaninsu, su zaɓi zakara, alhali baƙo guda ɗaya ne tilo, tun wata 10 an san awonsa. Dokar hanya ta zo ne ta ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi.

Mai Shayi da Jiragensa Biyar

Mutumin da ya fi kowa ɗanɗana wannan hanya sunansa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi. Shi ne Thomas Lipton, haifaffen Glasgow, ɗan talakawa, wanda ya fara da kanti ɗaya ya zama attajiri, ya sayi gonakin shayi a tsibirin Silon a 1890. Sau biyar ya nemi kofin, a 1899 da 1901 da 1903 da 1920 da 1930, kowane jirgi kuma sunansa Shamrock. An yi masa sassauci guda, aka yarda jirginsa mai tururi, Erin, ya riƙa jan na tseren da igiya idan iska ta ɗauke. Duk da haka cikin jirgin a ruwa yake, igiyar teku tana dukansa dare da rana.

Tafiya ta huɗu ita ta fi ban tausayi. A watan Yuli na 1914 Shamrock na huɗu ya bar Ingila, Erin na tare da shi. Suna tsakiyar teku Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, labari ya iso su ta wayar iska. Don gudun jiragen yaƙin Jamus suka karkata zuwa tsibirin Bermuda, daga nan suka lallaɓa zuwa Niyok. Aka ɗage gasa, aka fitar da jirgin daga ruwa aka adana shi a Brooklyn har shekara shida. Shi kuwa Erin ya shiga aikin yaƙi, ya nutse a Bahar Rum a 1916. Da aka kara a 1920, Shamrock ya ci tseren farko da na biyu, saura ɗaya ya ɗauki kofi, sai Resolute na Herreshoff ya cinye ukun da suka rage. Lipton ya sake gwadawa a 1930 ya sha kaye huɗu babu ko ɗaya. Amurkawa suka yi karo-karo suka ba shi wani kofin zinariya saboda yadda yake karɓar kaye da fara'a. Ya rasu a 1931 bai taɓa riƙe na azurfar ba, amma sunan shayinsa ya shiga kowane gida a Amurka.

Daga 1930 aka mayar da fagen zuwa Newport, aka kuma yarda ɓangarorin biyu su riƙa ƙira bisa ma'aunin ƙwari iri ɗaya, abin da ya rage zaluncin dokar. A 1934 Thomas Sopwith, mai ƙera jiragen sama, ya zo da Endeavour, jirgin da masana da yawa suka yarda ya fi na mai gida gudu. Amma gab da tashi daga Ingila ƙwararrun matuƙansa suka yi yajin aiki a kan albashi, ya maye gurbinsu da 'yan sha'awa. Ya ci biyun farko, Rainbow ya ci huɗu a jere. Hanya kuma ba ta daina nuna halinta ba. A 1937, bayan wata gasar da Sopwith ya sake faɗuwa, ana jan Endeavour zuwa gida guguwa ta tsinke igiyar, aka yi kwanaki da dama ba a ji ɗuriyarsa ba, har ya ɓullo da kansa a ruwan Birtaniya.

Ranar da Kotu Ta Buɗe Ƙofa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi shiru. Babu attajirin da zai iya ɗaukar nauyin irin waɗancan manyan jirage, kofi yana zaune a Niyok babu mai nema. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Da yake takardar waƙafi ce, ba a taɓa ta sai da izinin alƙali, don haka kulob ɗin ya je kotun jihar Niyok. A watan Disamba na 1956 kotu ta amince da gyara biyu: aka rage mafi ƙanƙantar tsawon jirgi a layin ruwa daga ƙafa 65 zuwa 44, aka kuma soke sharaɗin nan na zuwa da kai. Daga ranar jirgin tsere ya zama kaya, ana iya ɗora shi a bayan jirgin dako kamar mota.

Wanda ya yi zaton Ingila ce za ta ci ribar wannan gyara ya yi kuskure. A 1958 aka kawo Sceptre a jirgin dako, bai ji gajiyar komai ba, Columbia ya lallasa shi huɗu babu ko ɗaya. Ainihin abin da gyaran ya yi shi ne buɗe ƙofa ga na nesa. Jirgin tsere mai tsawon mita 20, wanda aka yi don yini ɗaya a ruwa, ba zai taso daga Sidni ya kewayo rabin duniya da kansa ba. Amma a bayan jirgin dako nisa ya zama maganar kuɗi da makonni kawai. A 1962 Ostireliya ta zo da Gretel, ta ci tsere ɗaya cikin biyar, karo na farko da baƙo ya ci ko da guda tun 1934. A 1970 Faransa ta shigo ta hannun Marcel Bich, mai kamfanin biron nan Bic, wanda ya gwada har sau huɗu. Daga nan baƙi suka yi yawa, sai sun kara a tsakaninsu kafin a fitar da wanda zai fuskanci mai gida. Ke nan gatan da Amurkawa suka daɗe suna ci su kaɗai, na zaɓen zakara ta hanyar gwaji, ya zama na kowa.

Sakamakon ya bayyana a 1983. Alan Bond na garin Perth, a zuwansa na huɗu, ya kawo Australia II wanda Ben Lexcen ya tsara. Ƙafar dalmarsa tana da wasu fikafikai a gindinta, kuma duk lokacin da aka ɗaga jirgin daga ruwa sai a lulluɓe ta da labule don kada ido ya gani. Dennis Conner da jirginsa Liberty suka yi gaba da ci uku da ɗaya, John Bertrand da mutanensa suka farke. Ranar 26 ga Satumba aka yi tsere na bakwai, baƙo ya riga mai gida da daƙiƙa 41. Bayan shekara 132 aka kwance kofin daga inda aka ɗaure shi a kulob ɗin Niyok. A gasar 1987 sai ga Amurkawa su ne baƙi: ƙungiyoyi 13 daga ƙasashe shida suka yi lodin jiragensu zuwa Fremantle a yammacin Ostireliya, Conner kuma ya karɓo kofin ya kai San Diego.

Jirgi a Cikin Jirgi

Tun da aka daina tambayar jirgi ko zai iya ratsa teku, masu ƙira suka daina yi masa tanadin haka. Aka bar katako da ƙarfe aka koma zaren kabon, wanda ba shi da nauyi amma ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Ranar 5 ga Maris 1995, ana tsakiyar tsere a San Diego cikin iska mai ƙarfi, wani jirgin Ostireliya ya rabe biyu ya nutse cikin kamar minti biyu, aka dai ceto mutanensa duka. A shekarar ce Niyu Zilan ta ɗauke kofin. A 2003 kuma Alinghi na Suwizalan, ƙasar da ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya, ya je har Auckland ya ƙwace shi, sai da aka ari birnin Valencia na Sifen aka yi gasar 2007. A nan ne Afirka ta fara shiga, da jirgin Shosholoza na Afirka ta Kudu, wanda jagoransa Salvatore Sarno shi ma ma'aikacin kamfanin jiragen dako ne.

Dakon irin wannan kaya ya zama sana'a mai zaman kanta. Akan sauke turke a kwantar da shi a doguwar maɗauka, a cire ƙafar jirgi, a zaunar da gangar a kan gadon da aka ƙera daidai da siffarta, a naɗe ta da leda saboda gishiri, injin ɗaga kaya ya ɗora ta a kan jirgin dako a ɗaure. Yaduka da kayan gyara da na'urori su bi a cikin kwantena. Akwai kuma jiragen dako na musamman, irin su Yacht Express mai tsawon mita 209 da aka gama a 2007, waɗanda ke shan ruwa da gangan har bayansu ya nutse, ƙananan jirage su shigo suna iyo, masu ninƙaya su tokare su daga ƙasa, sa'an nan a zuƙe ruwan jirgin ya taso da kayansa a bushe. Har tseren kewaya duniya na Volvo, wanda jiragensa aka yi su don teku, ya taɓa neman wannan taimako. A ƙarshen 2011, saboda tsoron 'yan fashin teku a Tekun Indiya, aka ɗora jiragen a kan jirgin dako mai masu gadi aka ƙetare da su yankin haɗari zuwa Sharjah.

Gasar Kofin Amurka ta 2010 ita ta nuna iyakar abin. An ƙera Alinghi na biyar, mai ganga biyu, a Villeneuve kusa da tafkin Janiba. Ya fi ƙarfin titi, sai a 2009 aka ɗauko jirgi mai saukar ungulu ƙirar Rasha, Mi-26, ya rataye shi da igiya ya tsallake duwatsun Alps da shi zuwa Genoa. Daga can aka yi lodinsa zuwa Ras al-Khaimah a Daular Larabawa, inda masu shi suka so a kara. Kotun Niyok ta ce ba a nan ba, aka sake lodi zuwa Valencia. Abokin karawarsa na Amurka, mai ganga uku, ya zo daga San Diego a jirgin dako, da wani tsayayyen fiffike mai tsawon mita 68 a madadin yadi. Bayan duk wannan ɗawainiya tsere biyu kacal aka yi, na Amurka ya ci duka.

Daga 2013 jiragen suka fara tashi sama da ruwa a kan wasu siraran fikafikai, har a 2024 ɗaya daga cikinsu ya wuce gudun kilomita 100 a awa. Lokacin gwaji ya yi tsada ƙwarai, mako biyar a bayan jirgin dako ya zama asara. A 2017 Niyu Zilan ta ci gaba da gwaji a gida har kusan ƙarshe, sa'an nan ta zuba jirginta a cikin Boeing 747 zuwa Bermuda, ta kuma ci bakwai da ɗaya. A 2020 ƙungiyoyin Amurka da Birtaniya da Italiya suka kai nasu Auckland a cikin ƙaton jirgin saman nan Antonov 124.

Duk da haka hanya ba ta bar halinta ba. A farkon 2020 Niyu Zilan ta aika da jirginta Te Aihe zuwa Cagliari ta Italiya don wata gasar share fage. Yana kan teku annobar korona ta rufe duniya, aka soke gasar, ya yi watanni a hannun masu dako ya dawo gida bai taɓa ruwan Italiya ba, kamar dai abin da yaƙi ya yi wa Shamrock a 1914. A watan Agusta na 2024 kuma, a Barcelona, injin ɗaga kaya ya saki jirginsu Taihoro ya faɗo a kan gadonsa. Maƙera suka kwana suna aiki, cikin 'yan kwanaki ya koma ruwa, a Oktoba ya doke na Birtaniya bakwai da biyu.

Naɗewa

Idan aka dubi tarihin gaba ɗaya za a ga zango uku. Daga 1882 zuwa 1956 doka ta ce baƙo ya zo da ƙafarsa, gasar ta zama ta masu gaɓar Atlantika, mai gida kuma bai taɓa faɗuwa ba. Daga 1956 jirgin dako ya shigo da na nesa, cikin shekara 27 kofi ya bar Niyok. A zamanin jirgin sama kuwa nisa ya daina zama hujja, abin da ya rage shi ne kuɗi da ilimi, ƙaramar ƙasa kamar Niyu Zilan ta ci sau uku a jere, a 2017 da 2021 da 2024.

Sharaɗi ɗaya na tsohuwar takardar yana nan bai motsa ba, wato a ƙera jirgi a ƙasar kulob ɗin da ya aiko shi. Muddin haka ne, sai an yi dako. A 2025 aka ba da sanarwar cewa birnin Naples na Italiya ne zai karɓi gasa ta gaba a 2027. Ita kuwa Ingila, wadda maƙeranta suka ƙera butar, aka kuma ɗauke ta a ruwanta a gaban sarauniyarta, ta gwada zuwa da iska, ta gwada igiyar ja, ta gwada jirgin dako da na sama, har yau ba ta mayar da ita gida ba.